Ranar da Na Yi Lugude Saboda Fiziks

Ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan manta ranar da fiziks ta kusa gurgunta ni ba.

Lokacin 'yata ta biyu tana ajin kimiyya. Ran nan da la'asar ta dawo daga makaranta, ta yar da jaka, ta ce in ta faɗi gwajin gobe cire ta za a yi daga ajin, burinta na aikin jinya ya tafi ke nan. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma na ce ta karanto mini tambayar. Wai an cilla ƙwallo sama, a faɗi saurinsa a ƙarshen tashinsa, da saurin da zai dawo da shi.

"Malam ya ce can sama tsayawa yake yi cak. Mama, wa ya riƙe shi?"

Na ce, "Ba ki taɓa ganin lugude ba? Tabarya in ta tashi takan ɗan tsaya, a nan muke tafi."

Ta yi mini kallon rashin yarda, sai na jawo turmi. Ban tuna cewa rabona da lugude tun kafin injin niƙa ya zo unguwarmu ba. Ta saita waya tana ɗauka, tana zuga ni: "Ƙara sama, Mama!" Kaina ya kumbura. Na cilla da iya ƙarfina, na tafa, na ƙara tafawa, har da juyi. Na miƙa hannu, na cafki iska. Tabarya ta dira kan babban yatsan ƙafata.

Ni da ba a jin muryata a gidan, ranar har maƙwabta sun ji ta. Babansu ya fito ba hula, yana tambaya, "Wa ya rasu?"

'Yar tawa kuwa ko sannu. Tana ta maimaita hoton a hankali, tana tsalle. "Ta tsaya! Wallahi ta tsaya! Kuma da saurin da ta bar hannunki ta dawo!"

Na ce, "Na sani. Ƙafata ce shaida."

Ta ci gwajin, ta zauna a ajinta. Ni kuma farcena ya fita, na yi ta ɗingishi zuwa kasuwa ana tambayata ko babur ne.

Tun ranar na daina raina masu rubuta littattafan nan. Da suka ce a cilla ƙwallo, ba tabarya ba, sun san abin da suke yi.