Ɗan Fari a Ƙirjin Uwarsa

Ina tsakar gida ina gyaran ganyen tafasa da hantsi, maigidana ya shigo da waya a hannu, ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Daga ƙauyen Boko ne. Yarinyar nan ta sauka, an samu namiji." Na ce wace yarinya, don a lissafina saura wata biyu. Ya ce, "Yarinya nawa gare ki a Boko?" Na miƙe, ganyen ya zube daga cinyata.

Ɗiyata ce ta fari, kuma haihuwarta ta fari. Mun shirya za ta zo gida Fakuwa goyon ciki, har na sa an tara itacen wanka. Kwana uku ke nan ana marka, rana ba ta leƙo ba. Na ɗauki zannuwa biyu na hau bayan babur, muka bi hanya muna kauce wa taɓo.

A hanya ƙanwata kawai nake tunani. Ungozomar asibiti ce, ta yi shekaru tana aiki a ƙaramin asibitin da matan Boko da na Yashe ke zuwa haihuwa. Ita ta yi wa ɗiyata awon farko. Bayan ƙaramar salla ƙanwar tawa ta kwanta ciwo na kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ban sake taka wannan hanyar ba sai ranar.

A ƙofar ɗakin haihuwa na tarar da wata ungozoma, doguwa mai wushirya, yarinya ce a idona. Ta dube ni ta tsaya cak. Ta ce, "Ke ce yayar Mama." Haka suke kiran ƙanwata a can. Na ce ni ce. Ta riƙe hannuna ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Ita ta koya mini aiki. Zo ki ga angonki, ya yi gaggawar ganinki."

Ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba. Da za a aza shi a sikeli da rabin tiyar gero, ina jin geron zai rinjaye shi. Ba riga a jikinsa, sai hula da ɗan ƙyallen tsuguno. An kwantar da shi tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, an ɗaure su da zane. Ungozoma ta ce numfashinsa lafiya lau, babban abokin gabar bakwaini sanyi ne, kuma ba bargon da ya kai jikin uwa ɗumi. Haka zai zauna dare da rana, ba a sauke shi sai da dalili.

Uwar mijin ɗiyata na zaune gefe da butar ruwan zafi, ta sha kunu. Muka gaisa, ta ce, "Hajiya, gara da kika zo. Malama ta hana wanka, wai sai ya kwana. Jikana zai tashi yana ƙarni, mata su riƙa gudunsa."

Ungozoma ta ce, "Hajiya, ai ke za ki aure shi, kuma kin riga kin ji ƙarnin. Sai haƙuri."

"Ji 'yar nan! Allah ya shirye ki." Ta yi dariya har ta ture butar da ƙafa.

Na san wannan aikin tun kafin in gan shi. Lokacin da ƙanwata ta dawo daga wani horo tana ba mu labarin goyon ƙirji, ni ce na fi kowa yi mata tsiya. Na ce mu a baya muka san goyo, biri ne ke maƙale ɗa a ciki. Ta ce, "Yaya, to birin ya fi mu dabara." Ita ta fara tara tsofaffin ungozomomin ƙauye duk wata a gindin ɗorawar asibiti. Ba ta yi masu faɗa. Sai ta fara tambayarsu yadda suke yi, sannan ta nuna nata. Da haka aka rage gasa cibiya da tsumma, aka daina zubar da dakashi, wato nonon farko, da muke cewa ba shi da kyau. Tsohuwar ungozomar Boko ma ita da kanta ta rako ɗiyata asibiti da ta ga naƙuda ta zo ba lokacinta ba.

Washegari aka fara zuwa barka. Da azahar ungozoma ta shigo ta taɓa tafin ƙafar yaron da bayan hannunta, fuskarta ta canza. Ta sa ma'aunin zafi a hammatarsa, ta gyara ɗaurin ta fita. Da la'asar ta dawo, ƙafar ta fi ɗazu sanyi, kuma ya ƙi karɓar nonon da ake tatsa ana ba shi a ɗan kofi. Ta ce, "Wa ke sauke yaron nan?"

Ni na sani. Duk wanda ya yi sallama, ɗiyata sai ta yi sauri ta kwance zanen, ta ajiye yaron a kan katifa, ta juya fuska bango. Ɗan fari ne. Ba a san uwa ta rungume ɗan fari a gaban mutane ba, balle a gaban uwar miji. Na ga tana yi tun safe, kuma gaskiya daɗi na ji, na ce a raina yarinyar nan ta samu tarbiyya. Haka na yi mata. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a idon jama'a ba. Ƙanwata ce ke ɗaukarta tana cilla ta sama, ita ke mata kitso.

Ungozoma ta kira mu biyu waje, ni da uwar mijin, muka tsaya a baranda ruwa na ɗiga. Na faɗa mata abin da na gani. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Irinsu sanyi na tafiya da su ko kuka ba su yi ba. In bai yi ɗumi kafin magariba ba, sai babban asibiti, kuma kun ga hanya." Ta ƙara da cewa, "Mama takan ce kada mu yi faɗa da kunya, ba za mu iya ba. A nemi wadda ake jin kunyarta, ita ta yafe da bakinta. In ni na faɗa, ina fita za ta sauke shi."

Uwar mijin ba ta jira ba. Ta shiga ta tsaya a kan ɗiyata ta ce, "Ke 'yar nan, na ga kunyarki, na gode, Allah ya yi miki albarka. Yanzu naɗe ta ki sa a ƙarƙashin filo. In mijina ya yi kumatu sai ki ɗauko abarki. Kika sake ajiye mini shi a katifa, ni da ke ne." Ta cire babban hijabinta ta miƙa mata, ta ce ta rufa, duk mai son ganin jariri ya ga hula.

Ɗiyata ta karɓi hijabin, amma ba ta ɗauki yaron ba. Ni take kallo ta gefen ido.

Na ɗauke shi, jikinsa kamar an ajiye shi a bakin randa. Na buɗe rigarta na kwantar mata da shi, na zagaya da zanen ta bayanta na ɗaure. Rabon da in riƙe ta haka tun tana shan nono. Na ce, "Riƙe ɗanki." Ta ce, "Inna," ba ta ƙarasa ba. Na ce, "Ni ba wanda ya ce mini in riƙe ki. Ke ga shi an ce." Ta sa hannu biyu ta tallafe shi.

Kafin a kira magariba ungozoma ta taɓa ƙafar, ta sake taɓawa, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ya sha nono har yana lasar baki. Uwar mijin ta rangaɗa guɗa, matar da ke gadon kusa ta ce a yi mata a hankali, ita ma nata barci yake.

Daga nan sai raha. Muka raba goyon, in uwar za ta yi wanka ko ta ci abinci, ɗayarmu ta karɓa a ƙirjinta. Rana ta huɗu ungozoma ta ce saura uban. Ya ce shi fa gona zai koma, ciyawa ta cinye masa dawa. Ta ce ciyawa za ta jira. Aka sa masa yaron cikin riga, ya zauna a kujera ya sandare, ko tari ya kasa, gumi na zuba. Abokinsa ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu mai jego, a kawo kunun kanwa?" Ya ce, "Za ka zo hannu, matarka ma wata shida ne." Da lokacin ya cika sai da aka roƙe shi kafin ya bayar.

Kullum da safe ana aza shi a sikeli, mu tsofaffi mu kewaye muna leƙe kamar mun iya karatun abin. In ungozoma ta yi murmushi mu ma mu yi. Ranar suna an yanka rago a gida, an raɗa masa suna, amma ungozoma ta aika wa wanzami ya dakata da aska sai yaro ya yi ƙwari. Ya aiko cewa ai Mama ta daɗe da gaya masa, bai ko wasa askar ba. Da aka faɗa mini haka na fita bayan ɗaki na ɗan tsaya.

Yanzu suna nan wurina a Fakuwa, ɗiyata tana wankan jego. Ungozomar ta haɗa mu da wata abokiyar aikinta ta ɓangaren Kankia, ita ke zuwa duba shi duk sati. Baƙi na shigowa, ɗiyata na amsa gaisuwa da ɗanta a ƙirji, ba ta juya fuska bango. Ya fara harbi da ƙafa, kumatun ma sun soma fitowa, kakarsa ta Boko tana cewa ita ya biyo.

Jiya na tambaya ko zan iya goya shi a baya in zaga da shi maƙwabta. Ungozomar da ke zuwa duba shi ta aza shi a sikeli, ta duba, ta ce da saura. Askin sunan ma ba a yi ba tukuna.