Ranar da Malam Ya Gasa Kek da Babban Yatsa

Murhun gas ɗinmu mai tanda a ƙasa na hannu ne. Maigidana, wanda nake kira Malam, ya saye shi wurin wani abokin aikinsa da zai bar Dutsin-Ma. Kawunan girki na sama lafiyarsu lau. Tandar kuwa ba wanda ya gwada ta, amma hakan bai hana Malam buga waya Kurfi ya shaida wa danginsa cewa gidansa ya shiga zamani ba.

Babbar yayarsa ba ta ɓata lokaci ba. Ta aiko da fulawa da ƙwai da bota a motar haya, da saƙon cewa ranar Asabar ɗiyarta za ta yi saukar Alƙur'ani, kek take so wanda zai ishi 'yan walima.

Ranar Juma'a da hantsi na gama kwaɓi, na durƙusa gaban tanda. Yadda abin yake, sai ka danna maɓalli ciki, ka kai ashana wani ɗan rami, wata 'yar wuta shuɗiya ta kama, ita ce za ta tayar da babbar. Ta kama kuwa, kyakkyawa da ita. Ina sakin maɓalli ta mutu. Na sake, ta sake. Na kusa ƙarar da kwalin ashana kafin na kira mai kaya.

Malam ya zo ya tsaya, hannu a ƙugu.

"Gas ne ya ƙare," in ji shi.

"Malam, ga shinkafa nan tana tafasa a sama."

"Na ƙasa ya fi jan gas. Ba za ki gane ba."

Ya ɗora tukunyar gas a keke-napep ya tafi wurin masu ɗurawa, suka ɗaga ta suka ce masa cike take. Ya dawo da sabon ilimi: iska ce ke kashe wutar. Ya rufe taga, ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya ci gaba da dannawa, har warin gas ya koro mu tsakar gida muna tari. Na kashe tukunyar, na buɗe ko'ina, na ce masa in mutuwa yake so mu yi, ya bari sai bayan walima.

Bayan sallar Juma'a ya zauna da waya yana kallon wani Bature na gyaran tandar da ko kama ba ta yi da tamu. Yaya ta bugo mini.

"Amarya, ƙamshi ya fara tashi?"

"Ya tashi, Yaya, har maƙwabta sun ji."

Can wajen la'asar Malam ya gano abin da na gaya masa tun safe, wato muddin yatsa na kan maɓalli, wutar ba ta mutuwa. Ya faɗa mini da murya irin ta wanda ya haƙo rijiya ya tarar da ruwa. Ya ce a tokare maɓallin da muciya. Na ce ba a gidan da nake ba, don in wutar ta mutu gas zai yi ta zuba ba mai sani. Sai dai mutum ya riƙe, idonsa a kan wutar.

"To wa zai riƙe?"

"Ni ce mai zuba kwaɓi da cirewa, Malam."

Haka ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna gaban tanda cikin zafin bazara, babban yatsansa a kan maɓalli. In na dama ya gaji ya sa na hagu. Zufa ta jiƙa singiletinsa. Sau ɗaya ƙuda ya sauka masa a hanci, ya kai hannu, wuta ta mutu, faranti guda ya kwanta kamar waina. Bai ƙara kula ƙuda ba. Ni kuma ina ba shi ruwa a baki ina yi masa sannu, har na ɗan ji tausayinsa, amma ba sosai ba.

Washegari a Kurfi kek ya karɓu. Yaya ta ɗaga guda a gaban mata ta ce, "Kun gani? Na'ura ce, ita ke yin komai da kanta. Duk mai biki ta aika fulawa Dutsin-Ma." Malam na bakin zaure, yana miƙa wa baƙi yatsu huɗu in za su gaisa.

Wannan sanarwa ce ta gyara tandar. Ranar Lahadi da sassafe ya kashe gas, ya cire farantin ƙasa, ya leƙa da tocila. Kusa da ramin wutar akwai wani siririn ƙarfe da ya kamata ya ji zafi kafin ya bar gas ya ci gaba da wucewa. Ya yi baƙi da maiƙo, ya kuma karkace nesa da wutar. Ya goge shi da soson ƙarfe, ya matso da shi. Muka kunna, ya saki maɓalli, wuta ta tsaya.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ya ce kada in gaya wa kowa a Kurfi. In sun tambaya, in ce tandar ta lalace.