Kwanta, In Ji Matuƙin Jirgi

Kakana na wajen uwa labari ɗaya gare shi, kuma duk layinmu a Gwange an haddace shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, yana saurayi, ya yi aiki a filin jirgin nan na Maiduguri, inda jiragen yaƙin Turawa kan sauka su sha mai su wuce gabas. Aikinsa dakon garwar mai. Amma abin taƙamarsa daban ne. Wai duk sa'ad da matuƙi zai ta da inji, sai ya leƙo ya daka tsawa, "Kwanta!" Nan take shi kuma ya zube rub da ciki. Matuƙan su yi ta dariya, su jefo masa alewa. "Ba su taɓa ganin mai biyayya irina ba," in ji shi.

Ranar da na kawo wanda zan aura ya gaishe shi, na san sai an yi labarin. Mutumin nawa makanikin jirgi ne, ga shi bakinsa ba ya ajiye magana. Kaka na kaiwa kan "Kwanta!" sai mutumin nawa ya kece da dariya.

"Ai Baba, ba kwanta suke cewa ba, kwantak ne. Da mai juya farfela suke, suna gaya masa an kunna wuta."

Ni ma na taya shi, don kada ya yi dariyar shi kaɗai. Da na dubi fuskar tsohon, sai na daina. Kunya ta lulluɓe ni, na rasa inda zan sa idona.

Kaka ya sa wa baƙon albarka, ya sallame shi. Sannan ya kira ni da sunan tsokanar da ya saba.

"Uwargida, zo nan." Na zauna a gefen tabarmarsa. "Akwai wani yaro a cikin matuƙan, mai jan gashi, sa'ana ne. Ranar tashinsa na ƙarshe na kwanta, ya ɗago mini hannu yana dariya. Daga baya muka ji jirginsa ya faɗi a hamada. Har yau nakan ga fuskarsa." Ya dube ni. "Shi ma ni yake yi wa dariya?"

Na ce, "Ban sani ba, Kaka."

Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa butarsa. Har ya rasu bai sake ba kowa labarin ba.