Ƙwan Zabin Inna a Mataccen Firji

Daminar da na gama karatun kwamfuta na dawo Malumfashi ina zaman jiran aiki, a ita ce ciwo ya share wa Innarmu kajinta kaf. Zabinta kuwa suna ta zuba ƙwai a ciyawar bayan gona. Zabuwa ba ta da kirkin kwanci, kaza ake sa wa ƙwanta, ga shi babu kazar. Ni da rawar kai na ce zan ƙyanƙyashe su da na'ura.

Na samo mataccen firji, na sa masa fitila mai zafi da batirin sola. Na je Funtua na karɓo 'yar kwamfuta kamar tafin hannu da ɗan ma'aunin zafi. Aikin manhajar da na rubuta kaɗan ne: ta tambayi ma'aunin, in da sanyi ta kunna fitila, in zafi ya isa ta kashe.

Inna ta kawo ƙwan a ƙwarya cikin dusa, ta ce, "Kai dai kada ka dafa mini su."

Ma'aunin nan akwai tsirfa. In an tambaye shi, sai an dakata ɗan mitsitsin lokaci, wanda ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa, sannan ya amsa. Sai na umarci manhajar ta yi barci na wannan ɗan lokacin. Ashe da zarar ta kwanta, kwamfutar takan koma kan wasu ayyukanta, sai ta ga dama take tashinta. Wani lokacin kafin ta farka amsar ta wuce, fitila kuma tana ta ci.

Rannan da azahar na taɓa ƙwai ɗaya na ji zafi rau. Na wangale ƙofar firjin ina fifita da faifai, ina tsine wa kwamfuta. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta dube ni ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan kallon ya fi mini faɗa ciwo.

A ranar na hana manhajar barci. Na sa ta tsaya tana duban agogo, tana sake dubawa, har ɗan lokacin ya cika. A makaranta cewa suke wannan ɓarnar ƙarfin na'ura ne. Oho dai. Zafi ya daidaita, amma ko 'ya'yan da ke cikin ƙwan suna da rai, Allah kaɗai Ya sani.

Kullum da safe Inna da kanta take juya ƙwan, don ta daina yarda da ni. Wajen wata guda muna haka, dawa har ta kai ƙugu. Wata safiya na ga ta kara ɗaya a kunne, ta daɗe tsaye. Ta yafito ni.

"Zo nan, mai injin. Saurara."

Ta kara mini shi da hannunta mai ƙamshin daddawa, sai na ji ɗan kuka siriri, tsui, tsui, daga cikin ɓawon. Na rubuta manhajoji da yawa bayan nan, babu wadda ta faranta mini rai haka. Inna ta rasu, kuma ina kewar hannun nan ƙwarai.