Rufin da Ya Ƙi Shiga Lungu

Duk unguwar Maamobi an san Salwa 'yar Mahama magini, amma a tambayi sana'arta sai a yi ta kame-kame. Tun tana ƙarama take bin uban wajen aiki tana tsintar gutsattsarin bulo. Da ta girma ta koyi zanen gini a kwamfuta, ta ƙware a rufi mai lanƙwasa irin na bakan gizo. Takan kai zanen wani shago a unguwar Kokomlemle, inji ya yanka mata katako ƙanana-ƙanana, ta jera su ɗaya na danne ɗaya, ba gam ba ƙusa, sai ga ƙaramin samfurin gini a kan faifan katako.

Mahama kuwa idonsa ya mutu kafin ta fara. Abin da ya sani, 'yarsa na wasan yara da katako. Wannan magana ta daɗe tana cinta.

Da za a sake rufin masallacin unguwa, dattawa suka ce su hoton kwamfuta bai dame su ba, a kawo abin da za a taɓa, kuma abin da Mahama ya ce shi za a yi.

Ranar Asabar bayan la'asar ta ɗauko samfurin a ka. Baiwar Allah ta auna komai a kwamfuta, ta manta da lungun masallaci! Faifan ya fi lungun faɗi, ga kwata a tsakiya. In ta karkata shi, samfurin ya zube. Ta tsuguna a bakin lungu ta wargaza aikin mako guda da hannunta, ta ƙulle a ɗankwali.

"Ina ginin?" in ji Liman Ganiyu da ta iso masallaci. "Mun jira paa, har mun gaji."

"Ga shi, Malam. Yanzu zan tayar."

Wani ya yi tsaki. Ta kafa makarin da ke riƙe rufi kafin ya haɗe, gumi na shiga mata ido. Tana cikin jeri ta ji yatsun uban a kan nata. Yana shafa kowane yanki, yana bin gefen da aka fiƙe. Shafar nan ta fi tsakin tsoratar da ita.

Ta sa na ƙarshe a tsakiya.

"Baba, saura a zare makari."

"Bari. Ni zan zare."

Ya ja a hankali. Katakon ya yi ɗan ƙara, ya zauna. Sai ya ɗora tafinsa a ƙololuwa ya danna da ƙarfi, yadda yake gwada aikin leburori a da. Salwa ta runtse ido.

Rufin bai faɗi ba.

Tsohon ya zura hannu ƙarƙashin rufin, ya daɗe bai fitar ba.

"Salwa," ya ce, "ashe gini kike yi. Ba wanda ya gaya mini."