Takardar da Inna ta ƙona

Lokacin cirar gyaɗa Yaya ya tafi karatu ƙasar Larabawa. Sati uku da tafiyarsa ya kira wayata, ina bakin rijiya.

"Ke, shiga ɗakina. Akwai wata farar takarda mai hatimi, da Larabci. Makaranta ce ta aiko min, na manta ta."

Ya ce tun safe yake layi a ofishin shige da fice. Ya miƙa fasfo da hotuna, aka ce ba katin izinin zama sai da ita. Ran Alhamis bizarsa za ta ƙare. Ko hotonta na tura ya isa.

"Makarantar ba za su ba ka wata ba?"

"Sai bayan wata guda. Yi sauri mana!"

Na ɗaga katifa, na zazzage kwalin littattafai. Babu. Inna na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, kin ga wata takarda a ɗakin Yaya?"

"Mai Bisimilla a sama? A ƙasa na tsince ta, kaji na bi ta kai. Na sa ta a murhu."

"Kin ƙona?"

"To, in bar sunan Allah ƙarƙashin ƙafar kaza? Ku dai da bokonku."

Haka take tun muna yara. Ba ta karatu, amma duk takardar da ta ga Larabci a jiki ba ta bari a taka.

Na tsaya ina kallon murhun. Wake ne a kai, yana tafasa. Ko haushi ban ji ba.

"Ta mece ce?" in ji Inna.

"Ba komai."

Na koma bakin rijiya, nan ne ake samun sabis. Na kira Yaya, na ce masa ni na yi shara na haɗa da ita. Ya ce sakarya, ya ce me aka tura ni sakandare in koyo. Na riƙe wayar har ya gama, na ja ruwana.

Kafin a gama yankan dawa ya dawo, a bayan ɗan acaɓa daga Makoɗa, da jakar da ya tafi da ita. Inna ta ce Larabawa ba su da kara. Ya gaishe ta, ni ya wuce ni. Har yau in zai yi min magana, sai dai ya ce wa Inna ta faɗa min.