Gayyar Da Aka Kira Ranar Taro

Nauyin da ƙungiyar matasan manoma ta ɗora mini, a matsayina na sakatare, bayyananne ne: in zagaya rassa, in jagoranci tattaunawa kan wurin da kowane reshe zai gina rumbun albasa, kuma kada in rubuta matsaya sai kowa ya yi magana.

Mun tashi da asuba daga Bodinga ni da abokin aikina, a keke mai ƙafa uku wanda buhunan gero suka riga mu zama. A Sifawa muka karya da koko da ƙosai, sannan muka shimfiɗa tabarmi. Ƙa'idata ɗaya ce: a zauna a da'ira, wanda ya riƙe albasar da nake miƙawa shi kaɗai ke da baki. Matasan Sifawa sun yi gardama har wani ya ciji albasar don fushi. Na fita da ciwon kai, amma zuciyata a natse, domin haka tattaunawar gaskiya take.

Daga nan muka hau bas zuwa Shagari, muka wuce Kajiji, inda 'yan kabu-kabu suka ninka mana kuɗi da hujjar yashin hanya. Ƙauyen da muka nufa ya karɓe mu da karamcin da ya fara ba ni tsoro. Shugaban reshe ya tarye mu da fura mai sanyi da gasasshiyar zabuwa, yana ta "ranka shi daɗe" gare ni, ni da ban kai shi shekaru ba.

Da aka zauna, na lura da'irar ta yi ƙanƙanta ga reshen da na sani da yawan jama'a. Na lura kuma da wani dattijo a kujera ƙarƙashin darbejiya, kawun shugaban. Duk wanda albasa ta isa hannunsa sai ya saci kallon darbejiya, ya ce a gina rumbu a wani fili da suke kira filin gabas. Babu wanda ya tsaya tunani. Na tambayi wani dalilinsa.

"Malam, abin da manya sunka gani shi na daidai."

"Kai fa, me ka gani?"

"Ni ban ga komi ba."

Albasa ta dawo hannuna ko ɓawonta bai motsa ba. Shugaban ya matsa in rubuta cewa baki ya zo ɗaya. Na ce sai na isa gida.

A hanyar dawowa, kusa da fadama, muka haɗu da ayarin samari da fartanyu a kafaɗa, duk sun yi laka. Ɗayansu ya gane ni.

"Sakatare! Ba gobe na taron ba? Haka anka ce muna. Yau gayya munka tai, ciran albasar kawun shugaba."

Kowa ya san matashi ba ya ƙin gayyar dattijo. Na tambaye su labarin filin gabas. Suka bushe da dariya, suka ce ruwa na kwanciya a can tun farkon damina, amma jikin gonar kawun yake. Wani ya ce, "In anka kai albasarmu can, miya za mu kwaso." Noman shekararsu ke nan.

A bakin hanya na miƙa musu albasar, suka yi ta fizgarta daga hannun juna har rana ta sunkuya.

Mun iso Bodinga bayan magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in riƙa duba waɗanda babu a taro kafin in saurari waɗanda ke nan.

Saboda haka ina roƙon kwamitin zartarwa na ƙungiya, cikin girmamawa, da ya soke matsayar filin gabas, ya binciki wanda ya sauya wa samarin rana, ya kuma sake kiran taro a inda babu kujera ƙarƙashin darbejiya.